Na Kai Kanwar Gonarmu Jamus

Tun da na dawo ban huta ba. A shago, a ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a maƙabarta ranar da muka kai wani maƙwabcinmu, tambayar ɗaya ce: "Garba, ya Jamus?" Ni kuwa sai in ce sanyi, a yi dariya, a ce in ci gaba, in ce aiki na jirana. Har an fara cewa na je ƙasar Turawa na koyo rowar baki. To ba rowa ba ce, labarin ne ba daɗi. Amma tunda kun matsa, ga shi nan tun daga farko.

Ga wanda bai san ni ba, ni makanikin injin ban-ruwa ne a nan Haɗejiya. Da fetur ya fi ƙarfin manoman rani, sai muka koma juya injinan su riƙa shan gas irin na girki, hannuna kuma ya faɗa a aikin. Wannan da ɗan turancin da na tsinto a makaranta suka sa ƙungiyar manoman ranin yankinmu ta ɗora mini sakatare. Da wata ƙungiyar ƙasar waje mai taimakon manoma ta ce za ta kai wasu 'yan Najeriya su ga yadda ake tanadin gas da wuta a Jamus, sai sunana ya fito. Cikin wuraren da aka ce za a kai mu har da inda ake ajiye gas a cikin gishirin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Na je ƙauyenmu, can gefen Baturiya, in yi wa wana sallama. Yaya Bukar shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, kuma shi ke riƙe da gonarmu ta gado a fadama. Da can gonar nan shinkafa take bayarwa, ruwa ya janye a bi da alkama da tattasai. Sai kacalla, doguwar ciyawar nan mai naci, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa ya daina wucewa, ya riƙa kwanciya, in ya ƙafe ya bar fari a bayansa. Sannu a hankali kanwa ta ci gonar, har ta kai bara ko irin da ya zuba bai mayar ba. Surukinsa Malam Isa na wajen Malam Madori ya tausaya, ya ce zai ba shi aron wata gona mai rijiyar burtsatse ya noma rani ya ci da iyalinsa. Sai dai yana son amsa kafin a yafa irin tattasai, don masu son gonar suna da yawa.

Muna zaune a zaure ina lissafa masa wuraren da za mu, na ambaci maganar gishirin. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Gishiri ka ce?"

"Haka aka ce, Yaya. Wai in ƙasa tana da gishiri, a ciki suke ajiye gas."

"Kuma nema suke?"

"Ban san irin gishirin ba tukuna. Sai na je na gani."

Washegari ina shirin hawa babur ya fito da gwangwanin madara a nannaɗe cikin leda, an ɗaure shi da zare tamau. Ashe da sassafe ya je gona ya kankaro kanwa daga kusurwa huɗu da tsakiya, yadda ake ɗebo ƙasar gona in za a kai wa malam ya yi addu'a.

"Ka kai musu su gani da idonsu," ya ce. "Gishiri dai ga shi nan har ya yi mana yawa."

Na ce masa maganar Malam Isa fa? Ya ce tana nan, ba a yafa iri ba tukuna. Na karɓi gwangwanin na sa a tsakiyar kayana. Gaskiya ni ma a raina na ɗan sa rai, don wanda ya ga gonar nan lokacin da take gona ba zai iya cire rai da ita ba.

Daga Haɗejiya zuwa Kano ƙaramar mota na hau, an cusa mu kamar buhunan albasa, ga wata baiwar Allah da kwandon bandar kifi a kan cinyata tun daga tasha har Gujungu. Ban yi ƙorafi ba, don ni ma akwai bandar a jakata, maiɗakina ta sa mini wai kada yunwa ta kashe ni a ƙasar masu cin ganye. A Kano na haɗu da abokin tafiyata, Alhaji Sabo, mai sayar da gas, ƙato mai dariya da dukan cinya. Ya taɓa zuwa Saudiyya da Dubai, don haka a ganinsa ba abin da ya rage a duniya bai sani ba. Da ya ji kakanninmu Barebari ne daga bakin Chadi, shi kuma Bafulatani, shi ke nan na zama bawansa har muka dawo.

A filin jirgin Abuja aka fara tsayar da ni saboda gwangwanin. Jami'in ya kwance zaren, ya leƙa, ya shinshina, ya ɗanɗana da ɗan yatsa. Ɗan Arewa ne.

"Malam, kunun kanwa za ka je ka dama wa Turawa?"

Na ce samfuri ne. Ya girgiza kai, ya mayar da murfin, ya ce Allah ya tsare, amma in shirya bakina don can ba su san kanwa ba.

Jirgin ba ni da abin faɗa a kansa, ban da cewa ƙafafuna sun kumbura, kuma abincin da aka kawo ko yaro ba zai ƙoshi ba. Da muka sauka aka buga mana hatimi lafiya, muka ɗauki jakunkuna, muna shirin fita wani jami'i da kare ya yafito ni. Aka kai ni wani ɗaki mai haske, aka zazzage kayana kaf, har wandunan ciki. Da aka zo kan gwangwanin, aka ga farin gari a ɗaure da zare, sai na ga fuskokinsu sun canja. Na waiga in ga Alhaji Sabo, na hango shi a bakin ƙofa yana kallon silin kamar bai taɓa ganina ba. Turancina ya gudu. Don in nuna musu ba abin tsoro ba ne na kai hannu zan lasa, wata jami'a ta cafke mini wuyan hannu, ta daka mini tsawa. Suka ɗebi kaɗan suka sa a wata na'ura, muka tsaya cirko-cirko, zufa na karyo mini duk da sanyin ɗakin. Can sai suka ce gishiri ne, in tattara kayana. Kifina ma suka ce ya wuce. Shi kuwa Alhaji, tsayuwar da ya yi a ƙofa ta jawo aka buɗe tasa jakar, aka kwashe kilishinsa duka aka jefa a kwandon shara, wai ba a shigo musu da nama.

"Bawa ya wuce da kifinsa, ubangida ya rasa kilishi," in ji shi, muna fita. "Wannan ƙasa ba adalci."

Jirgin ƙasa muka hau zuwa arewa, wajen teku. Ya yi ɗan jinkiri wanda a wurinmu ko lura ba za a yi ba, amma ka ga mutane suna duba agogo suna huci kamar an yi musu sata. Da muka yi nisa na leƙa taga. Ƙasar shimfiɗe take ba tudu, an yanka ta da magudanan ruwa, shanu na kiwo, tsuntsayen ruwa na tashi. Fadamarmu ce sak, lokacin da take da rai. Bambancin kawai su magudanansu a share suke, ruwa na tafiya, ga kuma wasu dogayen fankoki da iska ke juyawa suna ba da wuta.

An sauke mu biyu a gidan wani tsoho mai suna Hainiri da matarsa, a wani ƙauye da ban iya faɗin sunansa ba har na baro shi. Da manomi ne, yanzu ya mai da ɗakunan 'ya'yansa na baƙi. Gaisuwar mutanen wurin kalma ɗaya ce tak, safe da yamma, ba tambayar gida ba tambayar gajiya. Ranar farko na tsaya ina tambayar tsohon lafiyar iyali da ta shanu, ya zuba mini ido, ya ce ko wani abu ya faru ne. Abinci kuwa, da rana dankali, da yamma burodi mai tauri da cuku mai sanyi, sai ka ce ba murhu a gidan. Duk abin da aka ajiye sai Alhaji ya nuna da yatsa ya yi kukan alade, matar ta ce a'a, sannan mu ci.

Abu ɗaya suka fi mu, shayi. Suna da al'adarsa kamar Buzaye. A sa ƙanƙarar sukari a ɗan kofi, a zuba shayi mai ƙarfi, a ɗiga madara, kuma ba a juyawa. Matar ta yi ta cika mini kofi, ina shanyewa tana ƙarawa, ina cewa na gode tana ƙarawa, har cikina ya fara ƙugi. Ashe in ka ƙoshi cokali ake sawa a cikin kofin, ni kuwa na ajiye nawa a gefe don ladabi. Sai da tsohon ya tausaya ya ɗauki cokalin ya jefa mini.

Aka yi ta yawo da mu, yau wurin fankoki, gobe wurin farantai masu zuƙar rana, ni dai hankalina na kan gishiri. Ranar da aka kai mu wurinsa na sa babbar rigata a ƙarƙashin rigar sanyi, na ɗauki gwangwanin. A zatona rami za a sa mu a ciki, har na yi addu'o'ina. Da muka isa sai na ga fili ne kore da shanu, an kewaye wani ɗan wuri da waya, wasu bututai sun fito daga ƙasa da kawunan famfo. Shi ke nan abin da muka ƙetare duniya mu gani.

Wata injiniya mai suna Anka, doguwa mai furfura, ita ta karɓe mu. Ta raba mana hular kwano, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce a ƙarƙashin ƙafarmu, zurfin da ya wuce kilomita, akwai gishiri da wani tsohon teku ya bari tun kafin a yi mutane, ya daskare ya zama dutse, kaurinsa kamar tsauni. Sukan haƙa rijiya irin ta burtsatse har su iske shi, su yi ta tura ruwan daɗi yana narkar da shi, suna zuƙo ruwan gishirin suna kai shi teku ta bututu. Shekaru ake ana haka, har a sami kogo a cikin gishirin wanda doguwar hasumiya za ta tsaya a ciki ba ta taɓa sama ba. Gishirin dutse ba ya yoyo, ko iska ba ta ratsa shi. Sai su ɗura gas lokacin zafi da ba a buƙata, sanyi ya zo su buɗe su yi ta ɗiba. Wani kogon ma iska zalla suke matsawa a ciki in wuta ta yi musu yawa, in ta yi ƙaranci su sake ta ta juya inji. Na ce a raina, rumbu ne, sai dai nasu ba gara ba ɓera. Ta miƙo mana wani guntun gishirin da aka ciro daga can ƙasa, toka-toka, mai nauyi. Na ƙwanƙwasa shi da makulli ya yi ƙara kamar dutsen niƙa. Tun a nan na fara zargin ba irin namu ba ne.

Da aka tashi shan shayi na same ta a gefe. Na ce mata wana ne ya aiko ni da saƙo daga gonarmu, na miƙa mata gwangwanin da hannu biyu. Ta karɓa tana murmushi, ta ɗauka kyauta ce. Alhaji Sabo ya ce mu tsaya, ya ɗauke mu hoto, ni da hular kwano, ita da gwangwani, ga bututai a bayanmu. Sannan ta kwance zaren, ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta murza.

"Daga wane zurfi aka ciro wannan?"

"A sama yake. Kankarowa ake."

"Da can akwai shi?"

"Babu. Sai da ruwa ya fara kwanciya."

Ta kakkaɓe hannunta. Ta ce wannan ba irin nasu ba ne, ko kusa. Wannan abin da ruwa ke bari ne in ya kwanta rana ta shanye shi, alamar ƙasa ce da ta kamu da ciwo. Na ce to in aka haƙa can ƙasa fa, ko za a dace? Ta tambaye ni inda garinmu yake, na nuna mata a taswirar waya. Ta ce a iya saninta ba a taɓa samun irin wannan dutsen gishiri a yankinmu ba, kuma farin da ke sama ba ya nuna komai game da abin da ke ƙasa. Ko da ma akwai, in ji ta, ina tekun da za a zubar da ruwan gishirin, ina bututun da zai kawo gas ɗin da za a ajiye?

"Ke nan ba wani amfani da za a yi da gonar?"

"Ta wannan hanyar, babu," ta ce. "Ka yi haƙuri."

Ta ƙara da cewa maganin irin wannan ƙasa shi ne a buɗe wa ruwa hanya ya wanke ta ya wuce, kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Wannan kuwa mun daɗe da sani, shekara nawa muna shiga kacalla da adda tana komowa. Ta mayar mini da gwangwanin, ta koma wurin sauran baƙi. Ba mugunta ta yi mini ba, haka suke. A wurinmu wanda ya taso daga nesa da buƙata ba a ce masa babu tsirara haka, sai a ce za a duba, a ce Allah ya sa a dace, ya tafi da ɗan abin riƙewa. Su kuwa a take suke yanke maka, ka san inda kake. A ranar na ji haushinta ƙwarai. Yanzu ban san wanne ya fi tausayi ba, nasu ko namu.

A mota muna komawa Alhaji ya nuna mini wayarsa yana dariya. Tun kafin matar ta kwance zaren ya riga ya tura hoton zauren ƙungiyarmu na waya, inda aka sa shi don tafiyar, ya rubuta a ƙasa wai bawansa ya isar da saƙo hannu da hannu. Da na gaya masa abin da ta ce, dariyar ta ɗauke. Ya ce zai goge, na ce ai an riga an gani.

Da la'asar na kira Yaya Bukar. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambayi abinci, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa wasai, rabon da in ji ta haka har na manta.

"Yara sun nuna mini hoto," ya ce. "Sun gani ke nan?"

"Sun gani, Yaya."

"To me suka ce?"

Kun san yadda muke. Ba a gaya wa babba mummunan labari ta waya, yana tsaye a tsakar gida mata da yara na kallon fuskarsa. Zuwa ake, a zauna, a sha ruwa, a kewaya, sannan a faɗa. Ko rasuwa ce sai a ce jiki ya yi tsanani.

"Sai na zo mu zauna, Yaya."

"To madalla. Allah ya dawo da kai lafiya."

Alhaji da ke gefe ya ce na yi daidai, shi ma haka zai yi, saura kwana nawa ne mu koma. Na yarda da shi, don abin da aka koya mana ke nan.

Ranar da za mu taso na fito da sauran kifina na ba tsoho Hainiri. Ya gutsura ya ci a tsaye, ya ce su ma suna banda, amma tasu ba ta kai wannan hayaƙi ba. Ya ga ba ni da walwala ya tambaya, na ba shi labarin gonar da ɗan turancin da muka haɗu a kai. Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi bayan gida. Ya nuna mini wata magudana da ruwa ya tsaya cak a ciki. Ya ce tun da aka yi ramukan ajiyar gas ɗin nan ƙasarsu ke nutsewa kaɗan-kaɗan, ba ka gani da ido, amma ruwa ya sani. Yanzu sai da inji ake ɗaga ruwan a fitar. 'Ya'yansa duk sun tafi birni, ba mai son gonar, shanun da nake gani ma na wani ne. Na ce ashe ku da kuke da gishirin ma kuna kuka. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce gas ɗin na birane ne, su dai a kansa suke zaune. Muka daɗe a tsaye muna kallon ruwan.

Dawowa ba ta da labari. Gwangwanin na bar shi a kwandon sharar ɗakina, don ba zan iya sake tsayawa gaban kare ba. A Kano muka rabu da Alhaji Sabo, ya riƙe hannuna ya ce in gaida Yaya, ko bawa bai kira ni ba. Ban ko kwana a gidana ba, na ajiye jaka na hau babur.

Tun daga bakin ƙauye na san an sami matsala. Yara suka bi babur ɗina da gudu, mata na leƙowa ta katanga suna sannu da zuwa. A ƙofar gida na tarar an shimfiɗa tabarmi, an yanka ɗan akuya, dattawan unguwa sun hallara har da liman. A gefen zaure kuwa ga gwangwanaye da ƙullin leda an jera, kowanne da alamar mai shi. Duk wanda kanwa ta ci wa gona ya kankaro tasa, wai in zan koma in tafi da su. Aka yi addu'a, aka ci. Aka ce in ba da labari, na ba su na kare da kilishi da na cokalin shayi, aka yi ta dariya. Da aka zo kan babbar maganar, Yaya ya ce a bar yaro ya huta, magana ce ta zama.

Bayan la'asar ya ce mu je in ga gona. Ya kewaye ta da ƙaya tun daga wannan kusurwa har waccan, aikin da na san shi kaɗai ya yi, don duk hannunsa karce ne. Ya ce don kada shanu su tattake. A ciki ba ko tsiro, fari fat har inda kacalla ta fara.

Na ce, "Yaya, ina maganar gonar Malam Isa?"

"Na mayar masa da abarsa da godiya. Mutum ba zai riƙe biyu ba alhali wani na nema. Washegarin da muka yi waya na je da kaina."

"Ya ba wani?"

"Har an yafa iri."

Na tsuguna a bakin ƙayar. Kewaye-kewayen da na shirya tun daga Jamus duk suka watse. Na gaya masa yadda matar ta gaya mini, tsirara. Na ce nasu dutse ne a can ƙasa, namu ciwo ne a sama, ba mai so, ba mai zuwa. Ya saurara har na gama, yana kallon gonar.

"Tun ranar da muka yi waya ka sani?"

"Tun ranar, Yaya."

Ya jinjina kai. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni kamar ina yaro, da na ji sauƙi. Sai ya ce ai na yi ladabi, haka ya rene ni. Ya sunkuya ya gyara wani reshen ƙaya da ya zame, ya ce mu tafi kada magariba ta same mu.

Na je Malam Madori na roƙi Malam Isa. Ya ce wallahi ransa ya ɓaci, amma ba zai tashi mutumin da ya riga ya zuba iri ba, kuma gaskiyarsa ce. Na nema a wasu wuraren, ko'ina an kama. Na ce wa Yaya ya dawo Haɗejiya da iyalinsa mu raba abin da shago ya kawo. Ya ce matan da yaran dai in riƙa leƙa su, amma shi bai kai lokacin da zai zauna ƙaninsa na ci da shi ba. Dattawan unguwa kuwa shi ya gaya musu da bakinsa, kowa ya zo ya ɗauki gwangwaninsa ba wanda ya kalli wani.

Makon jiya ya zo shagona da safe, da ɗan buhu a kafaɗa da lauje a naɗe cikin tsumma. Ya ji ana neman masu yankan shinkafa a manyan gonakin wajen Kura, in an gama kuma a shiga ban-ruwa. Mutumin da furfura ta cika wa gemu, wanda a da shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago ya ciyar da su, tun da aka haife shi bai taɓa sunkuyawa a gonar wani ba. Na rufe shago na kai shi tasha a babur. Duk hanya hannunsa na kan kafaɗata. Na sama masa kujerar gefen taga, na sa buhun a ƙarƙashin ƙafarsa. Direba ya tada mota, sai ya yafito ni, na matso da kunnena.

"Garba," ya ce, "in mutanen gari sun tambaya, ka ce na je gaida 'yan uwa."